Kurakuran da aka fi yi wajen sayen babbar monitar gem mai rangwame

Duk watan Nuwamba shagunan intanet irin su Jumia da Konga na shelar karya farashi, a Beirut Road da Farm Centre cikin Kano kuwa kayan hannu ba sa yankewa. Mai shagon gem a Gaya, ko matashin da ke haɗa bidiyon biki a Ringim, sai ya ga monita inci 32 da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ya yi wuf ya biya. Araha ba ta ado. Sau da yawa monitar lafiyarta ƙalau, ba ta dai dace da injinsa (kwamfuta ko PS) da wutarsa da teburinsa ba ne.

Kuskuren farko shi ne bin girma a manta da yawan ɗigon hoto. Hoton monita ƙananan ɗigo ne jere, lambar da ke jikin kwali, kamar 1920x1080, ita ce adadinsu a kwance da a tsaye. A inci 24 wannan adadi na ba da ɗigo kusan 92 a kowane inci, rubutu ya fito tas. Aka shimfiɗa shi a inci 32 sai ya sauko zuwa 69, gefen haruffa ya yi kaushi, mai buga takardu ya wuni yana mutsuke ido. Irin waɗannan ne aka fi zaftare wa kuɗi. Idan ƙwallo kawai za a buga daga kan benci, ba laifi. Idan kuwa a tebur za ka zauna gabanta, inci 27 ko 32 na buƙatar 2560x1440. Auna teburin ma kafin ka bar gida: faɗin monita mai inci 32 ya kai santimita 71, kuma tana son tazarar santimita 80 ko fiye tsakaninta da idonka. Teburin da kafinta ya buga mai zurfin santimita 50 ba zai ɗauke ta ba, sai dai a rataye ta a bango. Duba bayanta ko akwai ramukan ƙusa huɗu, galibi tazararsu santimita 10 ce.

Na biyu, sayen abin da injin ba zai iya ja ba. Lambar 144Hz ko 165Hz na nufin sau nawa hoto ke sabuntawa a daƙiƙa ɗaya, amma injin ne ke samar da hoton. PS4 ba ta wuce 60, saboda haka mai shagon da PS4 ce jarinsa ya biya kuɗin 165Hz a banza. PS5 na kaiwa 120 a wasu wasannin, sai dai ba ta cika faffaɗar monitar nan mai inci 34, baƙin fili za ta bari dama da hagu. A ɓangaren kwamfuta, 1920x1080 ɗigo miliyan 2 ne da 'yan kai, 2560x1440 miliyan 3.7, 4K kuwa, wato 3840x2160, miliyan 8.3. Tsohuwar kwamfutar ofis da ba ta da katin hoto na daban (na'urar da ke sarrafa hoto a cikin kwamfuta) za ta nuna rubutu, amma da an kunna gem mai nauyi sai hoto ya riƙa tsayawa yana tafiya.

Sai wayar da ke haɗa monita da injin, wadda mutane ke rainawa. VGA, mai shuɗin kai da ƙusoshi biyu, ba ta wannan aikin ba ce. HDMI 1.4 na kai 4K a 30Hz kacal, HDMI 2.0 na kai 2560x1440 a 144Hz, wasu monitocin kuma ba sa ba da cikakken gudunsu sai ta DisplayPort. Ɗauki hoton kafofin bayan kwamfutarka da wayar salula ka tafi da shi kasuwa. Idan akwai katin hoto, a jikinsa ake jonawa, ba a kafar da ke sama kusa da na USB ba. Bayan an jona, Windows kan bar ta a 60Hz. Shiga Settings, sai System, sai Display, sai Advanced display, ka ɗaga lambar da hannunka. Ka kuma tambaya ko tana da lasifika, domin monitocin gem da dama ba su da ita, gidan gem ba ihun ƙwallo kuwa ba ya tara yara.

Inda aka fi yin asara shi ne biya ba gwaji. Daga Hadejia ko Gumel zuwa Kano tafiya ce mai cin kuɗin mota da wuni guda, komawa da kaya ba wasa ba ne. Kada kunya ta hana ka cewa, "Alhaji, don Allah a jona mini ita in gani." Kada ka yarda da bidiyon da mai shago ya kunna, hoto mai motsi na ɓoye aibi. Zo da filashi mai hotuna biyar: fari zalla, baƙi, ja, kore da shuɗi. Buɗe kowanne ya cika fuskar, ka matso kusa. Ɗigon da ya mutu zai fito baƙi a kan fari, wanda ya maƙale zai yi ta haske a kan baƙi. A baƙin hoton kuma duba kusurwoyi huɗu ko haske na tsiyayowa. Siririn layi daga sama har ƙasa alamar gilashin ya taɓu ne, gyaransa kuwa canjin gilashi ne, kuɗinsa na iya kusan kamo na monitar. Gwada kowace kafa ɗaya bayan ɗaya, ka bar ta a kunne minti ashirin zuwa talatin, domin wata ba ta fara ƙyaftawa sai ta ɗau zafi. Idan mai adafta ce, karanta lambar bayan monitar da ta jikin adaftar: mai neman 19V ba a ba ta 12V. A rubuta maka lambar jikinta a rasit tare da kwanakin da za ka iya dawo da ita. Wanda ya saya ta intanet ya ɗauki bidiyo tun daga yanka kwalin.

Wuta fa? Monita inci 32 kan ci wat 35 zuwa 60, ba yawa. Kwamfutar gem ce mai ci, wat 300 ko fiye. Batirin sola mai ruwa, 12V 200Ah, rabinsa ake ja in ana so ya daɗe, wato awa uku ko kusa da haka ga su biyun. Yawancin monitoci na karɓar 100 zuwa 240V, don haka raunin wutar KEDCO bai cika kashe su ba. Abin da ke ƙona su shi ne dawowar wuta da ƙarfi, da tsawa a damina, da janareta lokacin tayarwa ko in mai ya kusa ƙarewa. Sa sitabilaiza ko UPS a tsakani, ta da janareta ya daidaita kafin ka jona, in hadari ya haɗo ka zare filogi gaba ɗaya.

Wajen ɗauko ta, a tsaye ake ajiye ta cikin kwalinta da sosonta, a kujera in da hali ko da za a biya kuɗin mutum ɗaya. Kada ɗan kamasho ya kwantar da ita a but ya ɗora buhu, kada kuma a ɗaure ta da roba a bayan babur. Mai lanƙwasa ta fi kowacce saurin tsagewa.

A gida, yawancinsu an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, ɗakin kwano a watan Afrilu kuwa yana zarce haka, sai a ba ta tazara daga bango a sa fanka. Lokacin hunturu a lulluɓe ta in ta huce. Gogewa da ƙyalle mai laushi da aka ɗan jiƙa da ruwa ake yi, ban da fetur ko omo, kuma ba a fesa mata ruwa kai tsaye, domin yana gangarawa ƙasan gilashin inda siraran wayoyinta suke.