Yadda ake fara koyon zanen furen Norwe a kan katako

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai zayyana yana ƙawata allon saukar karatu, ko ya kalli hannun mai ƙunshi tana jan zanen lalle a gidan biki a Gusau, ya riga ya ga tushen fasahar da mutanen Norwe suke kira rosemaling. Zane ne na furanni da ganyaye da rassa masu lanƙwasa da ake yi da fenti a kan katako. Ya bunƙasa a ƙauyukan Norwe a ƙarni na 18, lokacin da masu fenti suke bin gidajen manoma suna yi wa akwatuna da kwanukan itace da bango da rufin ɗaki ado. Kasuwarsa ta ja baya bayan tsakiyar ƙarni na 19, amma masu ƙaura sun tafi Amurka da akwatunansu masu zane, kuma a can ne Per Lysne ya farfaɗo da sana'ar a garin Stoughton na jihar Wisconsin a shekarun 1930.

Kowane yanki yana da salonsa, kuma ya kamata mai koyo ya riƙe ɗaya kafin ya waiwayi wani. Salon Telemark yana fita ne daga saiwa guda, rassansa su bazu ba tare da dama ta yi daidai da hagu ba. Na Hallingdal da na Rogaland kuwa galibi ɓangarorinsu biyu suna kama da juna, na farko da launuka masu ƙarfi, na biyu da furanni masu yawa a kan bango mai duhu. A ganina Rogaland ya fi sauƙin farawa, domin za a iya ninke takarda biyu a zana rabi, ɗaya rabin ya fito da kansa.

Sai dai kafin zancen salo akwai horar da hannu, kuma a nan ne nake roƙon mai koyo ya yi haƙuri. Zanen gaba ɗayansa ya ginu ne a kan ja biyu na buroshi, ɗaya mai siffar harafin C kamar jinjirin wata, ɗaya mai siffar S kamar yaɗon duma. Ana riƙe buroshin a tsaye, ƙaramin yatsa yana dafe da allon don kada hannu ya yi rawa, motsin kuma ya fito daga damtse maimakon yatsu. A fara da tsinin buroshi, a danna a hankali har gashinsa ya buɗe a tsakiyar lanƙwasar, sannan a riƙa ɗagawa har layin ya ƙare siriri kamar gashi. Duk wannan a numfashi ɗaya ake yinsa. Idan aka tsaya a tsakiya, gurbin tsayawar zai fito, kuma komawa a gyara yakan ƙara ɓata shi ne. Akwai kuma ƙaramin ja na uku, wato ɗigo mai wutsiya, wanda ake dannawa a kai a ja a saki, da shi ake cike gefen fure da bakin ganye. A samu baƙin kwali ko gilashin taga da ake iya gogewa, a riƙa cika shi da waɗannan siffofi kamar yadda almajiri yake wanke allo ya sake rubutu, ko da minti 20 ne kullum, har mako biyu ko uku, kafin a taɓa katako.

Kayan aikin ba su da yawa. Buroshi biyu sun isa da farko: mai faɗi mai zagayayyen baki don rassa da furanni, da siriri mai dogon gashi don layuka. Launuka biyar ma sun wadatar, wato shuɗi mai duhu, rawaya mai kalar ƙasa, ja irin na jan ƙasa, ruwan ƙasa mai duhu, da fari. Launin wannan zane a kwance yake, ba ya ɗaukar ido kamar fentin shago, saboda haka ana ɗan diga ruwan ƙasa a kowane launi don a kashe kaifinsa, sannan a haɗa shi hawa uku, mai duhu da matsakaici da mai haske. Masu zanen dā fentin mai suka yi amfani da shi, wanda yake ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, yana ba da damar gauraya launi a kan katakon. Fentin akirilik da ake sirkawa da ruwa ya fi sauƙin wankewa, amma a zafin Afrilu yakan bushe a bakin buroshi kafin a gama ja ɗaya, don haka a zuba shi a kan jiƙaƙƙen ƙyalle da aka rufe da takarda, a kuma yi aikin da sassafe.

Katako kuwa, a nemi guntun da ya bushe sarai a wurin kafinta, ko ƙaramin akushi mai santsi daga masassaƙa, domin ɗanyen itace yakan tsage daga baya ya tafi da zanen. A goge shi da sanfefa mai lamba 120, a bi da mai lamba 220, kullum ana bin tsawon jijiyar itacen. Bayan an share garin da ɗan ƙyalle mai laima sai a shafa fentin bango sau biyu, ana gogewa sama-sama a tsakani. Shuɗi mai ratsin kore, ja mai duhu da baƙi su ne aka fi sani.

Ana ɗora zanen ne ta hanyar goga alli a bayan takardar da aka yi zanen a kai, a ɗora ta a kan katakon, ɓangaren allin yana ƙasa, a bi manyan layukan da fensir ba tare da dannawa sosai ba. Daga nan a fara da manyan rassa na C da S, a bi da furanni, sannan ganyaye. Dabarar da take ba zanen zurfi ita ce a ɗebo launi matsakaici da buroshi, a taɓa gefe ɗaya a cikin mai haske, ta yadda ja guda zai fito da inuwa da haske tare. Layukan siriri su ne na ƙarshe, kuma su ne suke tona ƙwarewar hannu. A sirka fentin har ya yi ruwa kamar tawada, a bi gefen rassan da layi mai kauri a wani wuri, siriri a wani, kada a kewaye komai da layi ɗaya mai faɗi guda.

Akushin farko da na zana na yi shi ne cikin hunturu, na ajiye a tsakar gida ya sha iska, da safe na tarar ƙura ta lafe a kan farin furannin ta mai da su kamar tsakuwa, sai da na goge duka na sake. Tun daga lokacin nake kifa babban kwali a kan aiki a cikin ɗaki. Akirilik yana son kwana ɗaya ko biyu kafin a shafa masa man sheƙi na kafintoci, fentin mai kuwa sai an ba shi makonni.

Akwai abin da ba zan tsallake ba. Farin fentin da aka yi amfani da shi a Turai a wancan zamani na dalma ne, kuma har yau ana samun dalma a wasu fentin mai. Mu a Zamfara mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Anka da Bukkuyum a 2010. A duba jikin gwangwani a zaɓi wanda aka rubuta ba shi da dalma, kada a gyara tsinin buroshi da baki, kada a goge tsohon fenti kusa da yara. Akushin da aka zana cikinsa na ado ne, a rataye shi a bango ko a jera shi cikin kayan ɗaki. Idan ana son zuba tuwo a ciki, sai a zana bayansa kawai a bar cikin da bakinsa yadda masassaƙi ya bar su.