Yadda Ake Binciken Gida a Gano Abin da Ke Cinye Wuta

Da zarar zafin Maris ya kankama a Garwa, a arewacin Kamaru, kukan masu gida iri ɗaya ne: "Malam, mitar nan gudu take yi, zo ka duba min." Ni sana'ata haɗa wayar lantarki ce, amma yanzu rabin aikina ya koma shiga gidaje, ina bin kayan wuta ɗaya bayan ɗaya har in gano wanda ke lashe kuɗin. A Faransa wannan sana'a ce mai cin gashin kanta. Tun 2006 ba a sayar da gida a can sai mai bincike ya zo ya auna, ya ba gidan matsayi daga A zuwa G. Su damuwarsu kada ɗumi ya fice lokacin sanyi, mu tamu kada zafi ya shigo. In kai matashi ne mai son koyon aikin, ko magidanci mai son duba nasa gidan, hanyar ɗaya ce.

Kafin ka taɓa ko da makunni, ka ce a kawo maka takardun kuɗin wuta na baya, gwargwadon waɗanda aka ajiye. In mitar ta kati ce, a nuna maka saƙonnin sayen wutar a waya. Kada ka dubi kuɗin, ka dubi yawan kilowat (wato kilowat-awa, kWh, ma'aunin wutar da mita take ƙirgawa) da aka sha kowane wata, domin farashin hawa-hawa ne. A tsarin da aka sa wa gidaje tun 2012, matakin farko, har zuwa kilowat 110 a wata, sefa 50 ne kowane ɗaya. Daga 111 zuwa 400 sefa 79, daga 401 zuwa 800 sefa 94, abin da ya haura haka 99. Saboda haka gidan da ke shan 125 ba shawara ɗaya za ka ba shi da mai shan 600 ba. Na farko ɗan gyara kaɗan zai sauko da shi matakin ƙasa. Ka kuma gwada watan Disamba da na Afrilu. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce kuɗin da gidan yake biya don yaƙi da zafi.

Daga nan sai bakin mita. Ka sa a kashe komai, a zare kowane fulogi daga soket, har da firji da cazar waya. A fuskar mita akwai ɗan ƙaramin jan haske mai ƙiftawa. In an kashe komai amma bai daina ƙiftawa ba, to ko dai wata waya ta saluɓe tana zubar da wuta cikin bango, ko kuwa akwai reshen da ya tsallaka katanga zuwa maƙwabta. Na biyun ya fi yawa, kuma sau da dama tsohon mai gidan ne ya ja wa wani shago tun da can aka manta. Ka bi wayar da ido ka faɗa wa mai gida shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba. Hatimin mitar kuwa na kamfani ne, ko kusa kada ka taɓa shi.

Wannan ƙiftawar ita ce ma'auninka in ba ka da kuɗin sayen na'urar awo. Kusa da hasken an rubuta sau nawa yake ƙiftawa a kilowat ɗaya. In 1000 aka rubuta, kunna abu guda kawai, ka ƙirga ƙiftawar minti ɗaya, ka ninka sau 60, ka sami wat ɗin da abin yake ja. Ƙiftawa 10 a minti wat 600 ke nan. In an rubuta 1600, sai ka raba amsar da 1.6. Na fi yarda da wannan a kan rubutun da ke bayan kaya, musamman na gwanjo da takardarsu ta goge, ko waɗanda aka sake wa naɗin waya a wurin mai gyara.

To amma wat rabin labari ne. Ɗaya rabin shi ne awa nawa abin yake a kunne, kuma nan ne masu koyo suke faɗuwa, domin maigida suke tambaya. Alhaji ya fita tun bayan asuba, bai dawo ba sai magariba, me ya sani? Zai ce maka fanka da dare kawai ake kunnawa. Ka nemi izininsa, ka yi sallama, ka shiga tare da yaron gidan, ka gaida uwargida yadda ya kamata. "Hajiya, fankar falon nan ƙarfe nawa ake kashe ta?" Za ta yi dariya ta ce ai tun da aka shiga bazara ba a kashe ta ba sai in an ɗauke wuta. Yara su za su gaya maka talabijin tana kwana a kunne, kuma su suka san wa ke jefa hita cikin bokiti da sassafe lokacin hunturu. Kada ka yi tambayar kamar mai neman mai laifi. In suka ga abin zai koma faɗa da maigida, kowa zai rage maka awannin, lissafinka ya tashi a banza.

Lissafin kansa ba wuya: wat sau awanni sau kwana 30, a raba da 1000. Dutsen guga yana jan wat 1000, kowa tsoronsa yake ji, amma in awa biyu ake guga a mako, bai wuce kilowat 9 a wata ba. Fankar sama mai wat 70 da ba wanda ya ɗauke ta bakin komai, in tana juyawa awa 18 a rana, ta kusa kilowat 38. Uku irinta sun haura 110 su kaɗai. Fanka kuwa ba ta sanyaya ɗaki, jikin mutum take sanyayawa, don haka wadda ke juyawa a ɗakin da ba kowa asara ce tsantsa. Ƙwan fitila ma haka. Guda takwas na tsohon yayi masu wat 60, awa shida kowane dare, kilowat 86 ne a wata. Ka mayar da su LED masu wat 9, su koma 13. A farashin 79, kusan sefa 5,800 ke nan duk wata. Yawancin gidajen unguwannin Poumpoumré da Roumdé Adjia da nake shiga sun riga sun canza na ɗakuna, sai ka tarar da tsohon ƙwai ɗaya a zaure ko bayan gida yana ci har rana tsaka.

Inda nake daɗewa shi ne wurin firiza. Gida da wuya ka rasa mai sayar da ƙanƙara, zoɓo ko kunun aya, balle in azumi ya faɗo cikin zafi. Wannan firizar jari ce, kada ka kuskura ka ce a kashe ta. Duba inda aka ajiye ta. In a baranda take, ƙarƙashin kwano, rana tana dukanta da la'asar, injin ba zai huta ba. A mayar da ita inuwa, a janye ta daga bango kamar faɗin tafin hannu don zafin da take fitarwa ya sami hanya. Sa takarda a bakin murfin ka rufe, ka ja. In ta zare salin-alin, robar ta mutu, sanyi yana fita dare da rana. Ƙanƙarar da ta daskare a jikin bangon ciki in ta kai kaurin ɗan yatsa a narkar da ita, domin tare sanyin take yi. Ƙurar hunturu da ta lulluɓe ƙarafan baya a share ta da buroshi. Sannan a bar zoɓon ya huce sarai kafin a ɗura a leda a jera. Ina kuma zama da mai sana'ar mu lissafa abin da firizar ke ci a wata da abin da take kawowa. Wani lokaci riba ce mai kyau. Wani lokaci kuma, in tsohuwar gwanjo ce, sai a ga maigida ne yake biyan ribar ba tare da ya sani ba, kuma wannan magana ce da ake faɗa da lallami.

Gidan da ke da kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba sai ka wahalar da kanka da ƙananan kaya ba. Mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan wajen wat 1,200. In ta yi awa takwas tana aiki ba hutawa, ta doshi kilowat 290 a wata. Mutane suna sa ta a 16 da tunanin za ta fi saurin sanyi, alhali gudunta ɗaya, sai dai ba za ta taɓa tsayawa ba. A sa 25 ko 26, a haɗa da fanka, a riƙa wanke ragar tace ƙura, a toshe ƙasan ƙofa.

Sai dai kilim da fanka duk magani suke wa ciwon da rufi ya jawo. Garwa tana kusa da tsakiyar duniya, a watan Afrilu rana ta kan kai take bi, don haka kwano ne ke kwasar mafi yawan zafin. Da azahar ka ɗaga hannu kusa da rufin ɗaki. In ba silin, ka gama gano matsalar. In akwai, duba ko an bar kafofi a gefe da iska mai zafi za ta fita daga tsakanin silin da kwano, an kuma sa musu raga saboda jemage. Farin fenti a kan kwano yana mayar da kaso mai yawa na hasken rana. Sai bangon yamma, wanda yake shan rana daga azahar zuwa magariba ya riƙe zafin har tsakar dare. Labule daga ciki taimakonsa kaɗan ne, domin zafin ya riga ya shigo. Inuwar daga waje ake yinta, da rumfar zana ko bishiyar darbejiya. Kakanninmu da suka yi katangar ƙasa mai kauri da ƴan ƙananan tagogi sun san abin da suke yi. Mu ne muka koma bulo da gilashi muna biyan bambancin duk wata.

Gidan haya mai mita ɗaya ba lissafi yake buƙata ba, sulhu yake buƙata. Rabon kuɗi da yawan ƙwan fitila zalunci ne ga wanda ba shi da firji. A sa wa kowane sashe ƙaramar mitarsa, a karanta rana ɗaya a gaban kowa.

Kusan kowane maigida zai ƙare da tambayar sola, kuma yana da hujja. Wutar arewa ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma in ruwa ya ja baya wutar ma takan ragu, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun kawo ɗauki. Amsata ita ce a fara rage ci tukuna. Duk kilowat ɗin da ka hana zurarewa, faifai da batirin da za a saya sun ragu, kuma batirin shi ne mai tsada, shi ne kuma zafi yake saurin kashewa.

In ka gama, kada ka bar gidan da magana kawai. Rubuta a takarda ɗaya: abin da za a yi yau ba ko sisi, abin da ke buƙatar ɗan kuɗi, da babban aiki irin silin, kowanne da kilowat ɗin da kake sa ran zai rage. In kai ma kana sayar da kayan wuta, ka faɗa tun farko, kuma ka raba kuɗin bincike da na kaya, don kada a ɗauka ciniki ka zo nema. A ƙasan takardar ka rubuta lambar da mita take nunawa da kwanan wata, ka sa ranar da za ka dawo bayan kwana 30 ku sake karantawa tare da maigida. In watan ya faɗa kan sauyin yanayi, kamar saukar damina, ka gwada da takardar wannan watan na bara maimakon ta watan jiya.