Yadda Za a Farfaɗo da Ƙungiyar Mawaƙa ta Ƙaramar Sakandare a Jos

Idan ƙungiyar mawaƙan makaranta ta watse, ko saboda rikici ko saboda doguwar rufe makarantu irin ta 2020, kada malami ya fara da tantance muryoyi. Ya karɓi duk ɗalibin da ya zo, ko da goma ne kacal. A soma da taken ƙasa da aka dawo da shi a 2024, tunda kowa na rera shi a taron safe.

Yara maza na aji biyu da uku, waɗanda muryarsu ke buɗewa, a sassauto musu da waƙar, kuma kada a bari a yi musu dariya, domin yaron da aka kunyata ba ya dawowa. Da hunturu a tanadi ruwan ɗumi. A sanar da iyaye lokacin tashi, a sallami yara kafin la'asar sakaliya.