Neman Bayani a Ofishin Gwamnati: Inda Ake Yawan Kuskurewa

Yawancin masu cewa "na nema an hana ni", in ka bi diddigi, da baki suka nema. An shiga ofis, an gaisa, an tambayi nawa aka kashe wa rijiyar burtsatsen unguwa, aka ce oga ba ya nan, a dawo jibi. Shi ke nan magana ta bi iska.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa, amma daga ranar da ta karɓi buƙatarka ake fara ƙirga. To da me za ka nuna ranar? Rubuta takarda kwafi biyu, ka kai rajista, a buga wa naka hatimi da kwanan wata da sa hannu. Ko sakatariyar gwamnatin jihar Kebbi da ke Gwadangaji za ka, ko ƙaramar hukuma a Yauri ko Zuru, kada ka fito ba tare da kwafinka mai hatimi ba. Wanda bai iya rubutu ba, doka ta yarda wani ya nema masa.

Sai tambaya mai faɗi. "A ba ni bayanin ayyukan lafiya" ba mai amsa ta. Faɗi garin, da aikin, da shekarar, da takardar da kake so: ta ba da kwangila ce, ko ta biyan ɗan kwangila? Kuma bar dogon roƙo da bayanin dalili. Doka ba ta ce sai ka faɗi abin da za ka yi da bayanin ba.

Kuɗi kuwa, na kwafar takardu kaɗai aka halatta. Babu kuɗin "nemo fayil", babu na goro. Duk abin da ka biya, karɓi rasit.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne haƙurin da ba ya da iyaka. Ma'aikata na iya ƙara kwana 7 idan takardun na da yawa, amma sai ta sanar da kai a rubuce. In ta ƙi, dole ta rubuta dalili da sashen dokar da ta dogara da shi, kamar tsaron ƙasa ko sirrin wani mutum. In ta yi shiru har wa'adi ya cika, a doka ƙi ne, kuma kwana 30 gare ka ka kai ƙara babbar kotu. Mutane kan cinye su a zirga-zirga da aika 'yan tuni. Tarar hana bayani ba bisa ƙa'ida ba naira 500,000 ce.

Za ka iya jin an ce dokar ta tarayya ce, ba ta shafi Kebbi ba. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a wata shari'a daga jihar Edo, cewa ta hau kan jihohi ma. Ambaci wannan a cikin takardarka tun farko.