Kurakuran Masu Ciwon Zuciya Wajen Ɗaukaka Ƙara Kan Tallafin Nakasa

Wasiƙar ƙin amincewa daga hukumar tallafin nakasa ta iso, mutum ya karanta layin farko, ransa ya ɓaci, ya cusa ta cikin durowa. Kuskuren farko ke nan, domin a cikinta aka rubuta dalilin ƙin da wa'adin ɗaukaka ƙara. A Amurka kwana 60 ne, a Ingila kuwa wata ɗaya ake bayarwa don neman a sake duba hukuncin PIP, wato tallafin kuɗi da gwamnati ke ba masu nakasa ko doguwar rashin lafiya. Kada kuma ka koma cike sabon fom daga farko, yin haka yakan jawo asarar kuɗin watannin baya.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne "da sauƙi". Likita ya tambayi jiki, mara lafiya ya ce da sauƙi, alhali daren jiya sai da ya jera matasan kai uku kafin ya iya numfashi, ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Abin da likita ya ji shi zai rubuta, hukuma kuma rubutun take karantawa. Faɗi taku nawa kake yi kafin haki ya tsayar da kai, minti nawa kake iya tsayuwa, sau nawa jiri ya ɗebe ka a wata. Samu ɗan littafi ka riƙa rubuta su kullum da kwanan wata.

Wasu kuma takardar "yana da ciwon zuciya" kaɗai suke kaiwa, alhali hukuma so take ta ga aikin da ciwon ya hana ka. Haɗa da sakamakon hoton zuciya na eko, wanda ke auna kason jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu. Na mai lafiya yakan kama daga kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, ƙa'idar Amurka kuma tana duba kashi 30 zuwa ƙasa a matsayin alamar gazawa mai tsanani. In naka ya haura haka kada ka karaya. Gwajin tafiya a kan na'ura, takardun kwanciya asibiti, da wasiƙar likitan zuciyarka mai fayyace abin da za ka iya ɗagawa da awa nawa za ka jure aiki, duk hujjoji ne.

Tsallake ranar ganin likita ko daina shan magani yana sa a ɗauka ka warware. In rashin kuɗi ne, ko maganin ne ke wahalar da kai, gaya wa likita ya rubuta a fayil ɗinka.