Masu zuwa Istanbul, kafin ku sayi alewar tsaraba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga 'yar shawara kan lokum (alewar Turkiyya mai taushi) da baklawa (kayan zaƙi na siraran fallayen fulawa da ruwan sukari).

Kwalayen lokum ɗin nan masu arha da ake jibgewa a bakin shagunan baƙi, ku yi hattara da su. Na taɓa kwasar guda biyar, da na buɗe a gida sitaci ne da sukari kawai, yara ma suka ƙi ci. Gara ka shiga shagon da ake yankawa a auna maka a kilo, ka nemi ɗanɗano tukuna. Irin su Hacı Bekir, da ke sana'ar tun 1777, akwai tsada kam, amma rabin kilo nasu ya fi min kwali uku.

Baklawa kuwa, tambayi ko da man shanu aka yi, fistik ɗin (pistachio, ɗan itace mai kama da gyaɗa) kuma na garin Gaziantep ne. Mai kyau tana ƙaras-ƙaras in ka gatsa, zaƙinta ba ya ƙona maƙogwaro. Ka ce a ba ka "kuru baklava", wato busasshiya, ita ke jure tafiya. Ranar dawowa za ka saya, kuma kada ta shiga firji.