Kurakuran da magoya baya ke yi in ana gardamar wanda ya cancanci kujerar kodineta a NFL

Litinin ɗin da ke biye da makon ƙarshe na wasannin kaka na gasar ƙwallon Amurka ta NFL, a farkon Janairu, kafin a shiga wasannin kifa ɗaya kwala, ta yi suna wajen sallamar kociyoyi. Idan babban koci ya tafi, yawanci har mataimakansa guguwar ke kwashewa, sai kujeru su buɗe a wasu daga cikin ƙungiyoyi 32 na gasar. Ƙarƙashin kowane babban koci akwai kodineta uku: na kai hari, na tsaron gida, da na rukunin da ke fita lokacin bugun ƙwallo da ƙafa. Kan biyun farko magoya baya suka fi tayar da jijiyar wuya, kuma hujjojin da ake kafawa duk shekara kusan iri ɗaya ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a duba nasarar ƙungiya a jingina ta ga duk wanda ke riƙe da muƙamin, ba a tambayi wane ne ke zaɓen dabarar da za a buga ba. Ku lura da gefen fili lokacin wasa. Akwai mutum ɗaya da ke riƙe da faffaɗar takarda cike da rubutu, yana kare bakinsa da ita kada abokan hamayya su karanci leɓensa, yana magana ta rediyo zuwa cikin hular kwatabak, wato ɗan wasan da ke jefa ƙwallo. Rediyon na katsewa idan saura daƙiƙa 15 a agogon daƙiƙa 40 da ake bayarwa tsakanin bugu da bugu. Sau da dama babban koci ne da kansa ke wannan aiki. Nathaniel Hackett ya riƙe kodinetan kai hari a Green Bay daga 2019 zuwa 2021, Aaron Rodgers ya zama gwarzon ɗan wasan gasar a 2020 da 2021, amma babban koci Matt LaFleur ne ke riƙe da takardar. Denver ta ɗauki Hackett babban koci a 2022, ta sallame shi kafin kakar ta ƙare, bayan ya ci wasa 4 an doke shi 11. Mai son auna shi a matsayin mai zaɓen dabaru ya koma Jacksonville, inda shi ke riƙe da takardar: a 2017 ƙungiyar ta kai wasan da ake ci a je Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar, a 2018 aka kore shi ana tsakiyar kaka. A nan yabonsa da laifinsa suke.

Sai dai wannan tambaya ma wasu na amfani da ita da son kai. Eric Bieniemy ya yi shekara biyar kodinetan Kansas City, daga 2018 zuwa 2022, an ɗauki Super Bowl sau biyu yana kan kujerar, kullum masu suka na cewa ai babban koci Andy Reid ne ke zaɓen dabaru. Gaskiya ne. To amma Doug Pederson da Matt Nagy ma ƙarƙashin Reid suka riƙe wannan kujera, kuma dukansu daga nan suka zarce babban koci, Pederson a Philadelphia a 2016, Nagy a Chicago a 2018. In za a auna, a auna kowa da mudu ɗaya. Ban da haka, ranar wasa kaɗan ce daga cikin aikin. Kallon bidiyon abokan hamayya, tsara dabarun mako, da koyar da su a filin atisaye duk suna wuyan kodineta, ko ya riƙe takarda ko bai riƙe ba.

Wanda ya fi ba ni haushi kuwa shi ne: "Wannan da ya kasa a babban koci, me za mu yi da shi?" Gwanin direba na iya kasa shugabancin tasha, tuƙinsa kuma yana nan. Babban koci na fama da 'yan jarida, da mai ƙungiya, da rikicin 'yan wasa, da lissafin agogo a ƙarshen wasa. Kodineta ɓangarensa ɗaya ne. Steve Spagnuolo ne ya tsara tsaron New York Giants da ya taka wa New England Patriots birki a Super Bowl da ci 17 da 14 a Fabrairun 2008, alhali Patriots sun zo wasan sun ci 18 a jere. St. Louis Rams ta ba shi babban koci, a shekara uku ya ci wasa 10 kacal, an doke shi 38. Ya koma kodineta a New Orleans a 2012, abokan hamayya suka kwashi yadi 7,042 (nisan da suka ci gaba da ƙwallo a fili) a kan tsaronsa, abin da ba a taɓa gani ba a gasar kafin nan. A lokacin ko kyauta aka ba wasu magoya baya shi ba za su karɓa ba. Kansas City ta ɗauke shi a 2019, ta lashe Super Bowl da shi a 2020, 2023 da 2024. Vic Fangio ma shekara uku ya yi a Denver ba tare da kaka ko ɗaya mai rinjayen nasara ba, ga shi tsaron da ya tsara wa Philadelphia ne ya kai Patrick Mahomes, kwatabak ɗin Kansas City, ƙasa sau shida yana riƙe da ƙwallo a Super Bowl na Fabrairun 2025, aka tashi 40 da 22. Gyaran mai sauƙi ne: a ware shekarun babban koci gefe, a duba shekarun da ya yi a irin kujerar da ake magana a kai, duk gaba ɗayansu, har da munanan.

Akwai kuma inuwar babban kwatabak. Denver ta tara maki 606 a 2013, tarihi ne a gasar, Adam Gase na kodineta. Amma Peyton Manning ne a fili, mutumin da aka sani da sauya dabara da kansa idan ya ga yadda masu tsaro suka tsaya. Gase ya ci gajiyar wannan shekara ya samu babban koci sau biyu, a New York Jets ya ƙare da nasara 9 da rashin nasara 23. A nemi wasannin da tauraron bai buga ba, ko shekarun da kocin ya yi da ɗan wasa matsakaici. Bieniemy ya samu irin wannan jarrabawa a Washington a 2023 da kwatabak Sam Howell, wanda ya fi kowa yawan jifa a gasar, aka kuma kai shi ƙasa yana riƙe da ƙwallo sau 65. Masu suka za su ce ya yi watsi da gudu da ƙwallo, masu kare shi su ce layin da ke tsare Howell ba shi da ƙarfi. Ko ba komai, wannan gardama ce kan aikin da shi ya yi da hannunsa.

Cewa gwanin koci zai iya kowane ɓangare ma kuskure ne, kuma ba magoya baya kaɗai ke faɗawa ciki ba. Bill Belichick, babban kocin New England a lokacin, da kansa ya damƙa wa Matt Patricia, wanda ya yi suna a tsaron gida, ragamar kai hari a 2022. Kwatabak Mac Jones ya ja baya, New England ta ƙare da 8 da 9.

Jimillar yadi ita ma tana yaudara, domin ƙungiyar da aka yi wa nisa kan tara yadi a ƙarshen wasa lokacin da masu tsaro suka sassauta. Gara a duba yadi nawa ake samu a kowane bugu, da abin da ke faruwa a yunƙuri na uku daga cikin huɗun da ake ba masu kai hari su ci yadi 10, da kuma cikin yadi 20 na ƙarshe. Shekaru kuwa kada su hana kowa: Sean McVay bai kai 30 ba ya zama kodinetan Washington a 2014.

Abin da aka fi mantawa shi ne 'yan wasan da ke ƙasa. Wani kodinetan tsaro da mutum uku yake tsayawa a layin gaba, wani da huɗu, kuma jikin ɗan wasan da kowanne ke bukata daban ne. Idan ƙungiya ta kashe kuɗinta kan 'yan wasan da suka dace da tsari ɗaya, ta kawo mai ɗaya tsarin, ko dai shi ya sauya ko ta shafe shekara biyu tana sauya 'yan wasa. Kafin ku ce ya cancanta ko bai cancanta ba, ku buɗe jerin 'yan wasan ƙungiyarku ku ƙirga nawa ne za su iya buga tsarinsa a watan Satumba mai zuwa.